Sammaci ya iso gidanmu: mene ne ƙara a wurin shari'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai sana'ar hatsi a Kano. Bara na karɓi buhu 60 na masara bashi a hannun wani dattijo, aminin mahaifina marigayi, a kan naira 40,000 kowane buhu, jimla naira miliyan 2 da dubu 400. Farashi ya faɗi na yi asara, amma duk da haka na tura masa dubu 900 ta banki, sannan na ba yaron shagonsa dubu 600 hannu da hannu a gaban dillalin da ya haɗa cinikin. A lissafina saura dubu 900. Daga nan na daina ɗaga wayarsa saboda kunya. Makon jiya masinjan kotu ya kawo sammaci gida ba na nan, an ce Alhaji ya yi ƙarata a kotun shari'a yana neman miliyan 1 da dubu 500. Tun ranar mahaifiyata ba ta ci abincin kirki ba, tana cewa ba a taɓa kai wani a zuriyarmu gaban alƙali ba. Wasu abokaina sun ce in bar gari har ƙura ta lafa, wasu sun ce in musanta bashin gaba ɗaya tunda ba mu yi takarda ba, wani kuma ya ce in riga shi zuwa wurin 'yan sanda a kama yaron. Ni ban san ma'anar ƙara a doka ba. Na zama mai laifi ke nan? Ɗaure ni za a yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sanyaya zuciyar Hajiya. Zan fara da abin da ya fi hana ka barci: ba ka zama mai laifi ba don an yi ƙararka, kuma takardar da aka kawo gidanku ba ta ɗaure kowa. Abin da nake jiye maka shi ne shawarwari ukun nan da abokanka suka ba ka, domin kowace daga cikinsu tana iya mayar da maganar dubu 600, wadda za a iya warwarewa a zama biyu ko uku, ta koma abin da zai ci maka mutunci da jari gaba ɗaya.

Firgicin da ya shiga gidanku daga kalmar ya samo asali. Tun muna yara muka saba jin “zan kai ƙararka wurin Baba”, kuma a gida wanda aka kai ƙararsa galibi ya riga ya yi ɓarna, abin da ya rage kawai tsawa ko bulala. Da wannan fahimtar muke girma, shi ya sa idan aka ce an yi ƙarar wane a kotu sai unguwa ta ɗauka an kama shi da laifi. A wurin shari'a ma'anar ta fi haka ƙunci da tsari. Ƙara ita ce mutum ya je gaban kotun da doka ta ba ikon sauraron irin maganarsa, ya ce yana da wani haƙƙi a wuyan wani mutum takamaimai, ya faɗi yadda haƙƙin ya samu, ya kuma roƙi kotu ta yi amfani da ƙarfin hukuma ta karɓar masa. Malaman fiƙihu suna kiran wannan da'awa, suna kiran mai yin ta mudda'i, wanda aka yi ta a kansa kuma mudda'a alaihi. Ka lura da kalmar da kyau. Da'awa magana ce ta ɓangare ɗaya wadda ba a tabbatar ba tukuna, kuma magatakardan kotu da ya rubuta ta, ya karɓi kuɗin shigarwa, ya ba ta lamba, bai bincika gaskiyarta ba, ba aikinsa ba ne ma ya bincika. Mai gaskiya yana shigar da ƙara, wanda ya yi kuskuren lissafi yana shigarwa, maƙaryaci ma yana shigarwa, kuma takarda iri ɗaya ake ba masinja ya kai.

Saboda haka abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Ƙara ita ce buɗe maganar. Shari'a ita ce zaman da za a yi a ji bakin kowa, a ga hujjarsa. Hukunci shi ne abin da alƙali ya yanke bayan an gama. Kai yanzu kana bakin ƙofar na farko ne, kuma sammacin da ka ɗauka abin kunya ne, a haƙiƙa kariya ce gare ka. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi da adalci kafin a yanke hukunci a kan haƙƙoƙinsa da abin da ke wuyansa, kuma hukuncin da aka yi wa mutumin da ba a sanar da shi ƙarar ba abu ne da kotun sama take rushewa. Sammaci shi ne hanyar da kotu take ce maka ga abin da aka faɗa a kanka, zo ka faɗi naka. Haka kuma ba kowane kuka ne ƙara ba. Da Alhaji wurin shugaban kasuwa ya kai ka, ko mai unguwa, ko ofishin Hisba, da ƙorafi ne, kuma iyakar abin da waɗannan za su yi shi ne su zaunar da ku su nemi sulhu. Kotu ce kaɗai take yanke hukuncin da za a zartar ko da wanda aka yanke wa bai so ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a wasa da kiranta.

Ƙara iri biyu ce, kuma amsar tambayarka ta ɗauri tana cikin bambancinsu. Akwai ƙarar laifi, inda ake tuhumar mutum da aikata abin da doka ta rubuta cewa laifi ne, kamar sata ko zamba ko raunata wani. A nan galibi hukuma ce mai gabatar da ƙara, akwai kamu da beli, kuma ƙarshenta ko dai a sallami mutum ko a hukunta shi da tara ko zaman gidan gyaran hali. Akwai kuma ƙarar neman haƙƙi, wadda take tsakanin mutum da mutum: bashi, ciniki, haya, gona, gado, aure. A nan ba hukunta kowa ake nema ba, ana neman a mayar wa mai abu abinsa ne, ko a biya shi diyyar asarar da aka jawo masa. Ko nauyin hujjar ma ba ɗaya ba ne. Dokar Shaida ta 2011 ta ce laifi sai an tabbatar da shi yadda babu sauran kokwanto mai ma'ana, alhali a neman haƙƙi ana duba hujjar wanda ta fi rinjaye ne. Daga yadda ka ba da labari, taka ƙarar ta neman haƙƙi ce. Amma kada ka tsaya a kan zatona: ɗauko takardar ka karanta ta daga sama har ƙasa. Ka duba sunan kotun da unguwar da take, ranar zama da lokaci, sunan mai ƙara, da abin da aka rubuta ana nema. A kotuna da dama lambar ƙarar neman haƙƙi tana ɗauke da haruffan CV, ta laifi kuma CR. Idan wani abu ya shige maka duhu, ka je ofishin magatakardan kotun tun kafin ranar zama ka nemi a karanta maka da'awar yadda aka rubuta ta, haƙƙinka ne.

Na matsa a kan wannan ne saboda a Arewa akan samu masu bin bashi da ke shigar da ƙarar laifi kai tsaye a kotu, su kira bashin zamba ko cin amana don su tsorata wanda suke bi. Gazawa wajen biyan kuɗin kayan da aka saya bashi ba laifi ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai ko wata rigimar neman haƙƙi, sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma haka ya ce. Bashi yana zama laifi ne idan tun farko an karɓi kayan da yaudara ba da niyyar biya ba, ko an ba mutum amanar dukiya ya ci, ko ya rubuta cakin banki alhali babu kuɗin da zai biya shi a asusunsa, wanda wata doka ta 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara 2. Mutumin da ya biya fiye da rabin kuɗi, da shaidar banki ta wani ɓangare a hannunsa, yana nesa da wannan siffa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Akwai hanyoyi biyu da ƙarar bashi take kai mutum ga tsarewa, kuma dukansu a hannunsa suke. Ta farko ita ce raina kotu. Ta biyu ita ce bayan an yanke hukunci, a tabbatar mutum yana da halin biya amma ya ƙi da gangan. Wanda ya zo duk lokacin da aka kira shi, ya bayyana halin da yake ciki, ya roƙi a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, ba shi ake nufi da wannan ba. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a yi masa jinkiri zuwa lokacin sauƙi, kuma alƙalan kotunan shari'a sun san wannan ayar fiye da ni da kai. Sun kuma san hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne.

Wannan ya kawo mu ga shawarar barin gari. Ƙara ba ƙura ba ce da za ta lafa don an ba ta baya. Idan kotu ta gamsu cewa sammaci ya isa gare ka yadda doka ta tsara, tana iya sauraron mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci ba ka nan, kuma a lokacin babu wanda zai ambaci dubu 600 ɗin da ka ba yaron, za a rubuta miliyan 1 da rabi cif a wuyanka. A aikace ma akan ga kotu ta ba da umarnin a kamo wanda ya yi ta bijire wa kira, ba don bashin ba, don rainin. Ka yi tunanin ranar da za ka dawo: hukunci yana jiranka, ma'aikatan kotu suna iya zuwa su kwashe kaya a rumfarka a yi gwanjonsu, ana iya neman umarnin a riƙe kuɗin da ke asusunka na banki, kuma duk kasuwa ta riga ta ce ka ci kuɗin mutane ka gudu. Ɗan kasuwar hatsi da suna yake karɓar kaya kafin kuɗi, in sunan ya ɓaci babu jarin da zai maye gurbinsa. Idan wani uzuri na gaske ya hana ka zuwa ranar farko, kamar rashin lafiya, ka aika wakili da takardar asibiti a nemi a ɗage zaman.

Shawarar kai yaron wurin 'yan sanda ba zan daɗe a kanta ba. Ba ka san ko cinye kuɗin ya yi ba, ko ya ba maigidansa aka manta a rubuta, ko an zuba su a lissafin wani cinikin. Kuma a duk faɗin duniya babu bakin da kake buƙata ya faɗi gaskiya a kotu kamar nasa. Wanda ka sa aka kwana da shi a caji ofis ba zai tashi gaban alƙali ya taimake ka ba.

Shawarar musu ita ce mafi haɗari, domin ita ce ta fi kama da wayo. Abokanka sun ji cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma haka hadisi ya zo, a kansa ne ma shari'ar Musulunci ta gina tsarin shaida. Sai suka ɗauka tunda babu takarda Alhaji ba shi da komai. Ka tsaya ka duba abin da yake da shi. Akwai dillalin da ya haɗa cinikin, akwai 'yan dakon da suka loda buhunan, akwai mai motar da ya ɗauka, akwai kuma dubu 900 da suka fito daga asusunka da sunanka suka shiga nasa, waɗanda alƙali zai tambaye ka na mene ne. Ko a ce duk waɗannan babu, ƙarshen musu a kotun shari'a rantsuwa ce. Za a ce ka yi alwala ka rantse da Allah cewa ba ka karɓi kayan aminin mahaifinka ba. Rantsuwar ƙarya don cin dukiyar wani tana cikin manyan zunubai, kuma ban ga alamar mutumin da zai iya yin ta ba a wasiƙar wanda kunya ta hana shi ɗaga waya. Bayan haka, wanda ya ce bai taɓa karɓar kaya ba ya toshe wa kansa hanyar cewa ya biya wani ɓangare, domin ba a biyan bashin da ba a ci ba. Da zarar an kama ka da musun ƙarya a kan buhu 60, maganarka a kan dubu 600 ta rasa nauyi, alhali a nan ne gaskiyarka take.

Ga yadda ranar farko take kasancewa, don kada ta zo maka a baƙuwa. Za ka tarar da ɗaki cike da mutane a kan benci, mata gefe maza gefe, kowa yana jiran a kira tasa. Magatakarda zai kira lambar ƙarar da sunayenku, ku fito ku tsaya. Da Hausa ake magana. Alƙali zai ce wa Alhaji ya faɗi da'awarsa, yana faɗa ana rubutawa, sannan ya juyo gare ka ya ce ka ji abin da mai ƙara ya faɗa, me za ka ce? Amsar da za ka bayar a wannan minti ɗaya ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin iƙirari a gaban alƙali ya fi kowace shaida ƙarfi, kuma a haƙƙin mutane ba a janye shi. Na taɓa zama a wata kotu na ga wani magidanci da aka tambaye shi haka, tsoro ya kama shi ya ce “haka ne, ranka ya daɗe”, yana nufin ya yarda an yi cinikin, aka rubuta cewa ya amsa dukan kuɗin. Da ya dawo hayyacinsa yana cewa ai ya biya rabi, sai da aka sha wahala kafin a gyara maganar. Kada ka ce “haka ne” dunƙule, kada kuma ka ce “ba haka ba ne” dunƙule. Ka rarrabe: na karɓi buhu 60 a kan kaza, na biya dubu 900 ta banki ranar kaza, na biya dubu 600 ta hannun yaronsa ranar kaza a gaban wane, na yarda ana bina dubu 900, ban yarda da sauran ba. Ka roƙi a karanta maka abin da aka rubuta kafin ka zauna.

A nan akwai wata gaɓa da take ba mutane mamaki, kuma tana cikin ma'anar ƙara kanta. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu ke aiki da shi, mudda'i ba lallai ne ya zama wanda ya fara zuwa kotu ba. Mudda'i shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada, wato wanda yake cewa wani sabon abu ya faru. Da ka amsa cewa ka karɓi kayan, asali ya zama bashin yana wuyanka, kuma kai ne yanzu kake da'awar cewa ka sauke wani ɓangarensa. Saboda haka a kan dubu 600 ɗin nan nauyin kawo hujja ya dawo kanka, ko da yake a takarda kai ne wanda ake ƙara. Abu biyu za ka tabbatar: cewa ka miƙa kuɗin ga yaron, da kuma cewa yaron mutum ne da Alhaji ya wakilta ya karɓar masa kuɗi. Na biyun nan shi mutane ke mantawa. Idan an san a kasuwa cewa shi ne yake karɓar kuɗin ciniki a shagon, ko Alhaji ya taɓa ce maka ka ba shi, ka nemo waɗanda za su faɗi haka. A maganar dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a mazhabarmu shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa tana wadatarwa. Ka sani ɗaya ɓangaren yana da damar ya soki shaidarka, misali ya ce dillalin yana da wata maslaha a cikin maganar, don haka kada ka dogara da mutum ɗaya in akwai wani da ya gani. Idan ka rasa shaida gaba ɗaya, rantsuwa za ta koma kan Alhaji cewa kuɗin ba su iso gare shi ba, in ya ƙi rantsewa a juyo da ita gare ka.

Tun yau ka fara tattara abin da ke hannunka. Ka je banki a buga maka bayanin asusunka na watannin da abin ya faru, mai hatimi, kada ka tsaya ga saƙon da ke cikin waya kawai. Ka duba ko ka ciri dubu 600 ɗin a banki ko wurin mai POS a ranar ko kusa da ita, domin wannan yana ƙarfafa maganarka ko da bai isa hujja shi kaɗai ba. Kada ka goge wani saƙo ko muryar WhatsApp da ta shiga tsakaninka da Alhaji ko yaron, har waɗanda kake ganin ba su yi maka daɗi ba. Ka sami dillalin ka tambaye shi abin da yake tunawa, ba tare da ka sa masa magana a baki ba, balle ka yi masa alkawarin wani abu.

Game da lauya, doka ba ta tilasta maka ɗauka ba, kuma mutane da yawa suna tsayawa da kansu a kotun shari'a. Duk da haka ina ganin kuɗin zama ɗaya da lauyan da ya saba da waɗannan kotuna, ya karanta sammacin ya ji labarinka, ba asara ba ne a maganar da ta kai wannan adadi. Ka faɗa masa komai, har da daina ɗaga wayar, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ne kuma zai duba ko kotun tana da hurumi, wato ko doka ta ba ta ikon sauraron ƙarar wannan adadi a wannan yanki, domin hukuncin kotun da ba ta da hurumi ba ya tsayawa komai kyansa. Wanda ba shi da halin biyan lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi.

Kafin alƙali ya yanke hukunci zai yi abin da ake kira i'izari, wato ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko magana. Idan kana da ita, wannan ne lokacinta, kada kwarjinin wurin ya sa ka ce babu. In hukunci ya fito ba ka gamsu ba akwai ɗaukaka ƙara, amma tana da wa'adi, a ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne, don haka a ranar za ka nemi kwafin shari'ar. Kotun da za a ɗaukaka zuwa gare ta ma sai an lura, domin sashe na 277 na Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali irin su aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara, bashin ciniki kuwa ba ya cikinsu.

Amma ina fatan ba za ku kai nan ba, kuma a nan zan faɗa maka abin da wataƙila ba za ka so ji ba. Ina kyautata zaton ba asararka ce ta kai Alhaji kotu ba, shirunka ne. Dattijon da ya ɗauki buhu 60 ya ba ɗan amininsa ba takarda ba jingina, ya yi ne don yana ganin ka kamar ɗansa. Ya kira ba a ɗaga ba, ya sake kira ba a ɗaga ba, a littafinsa kuma, in yaron bai kai kuɗin ba, miliyan 1 da rabi ne suka maƙale. Me kake so ya zata? Kai kana kiran abin kunya, shi a wurinsa raini ne da alamar za a cinye masa dukiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk wanda ya daɗe a kasuwar hatsi ya ga shekarar da farashi ya karye bayan an yi ajiya, shi ma ya sani. Abin da ba ya jurewa shi ne a ɓace masa. Mai yiwuwa ne ƙarar nan ita ce hanya ɗaya da ta rage masa ya sa ka zo ku haɗa ido.

Shigar da ƙara ba ta rufe ƙofar sulhu. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, kuma a wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Alƙalai da kansu sukan ɗage zama su ce a je a daidaita, musamman in sun ga akwai zumunci a tsakani. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada sulhun ya tsaya a zaure da fatar baki, irin yadda cinikin farko ya kasance. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma rashin bin ta ne ya kawo ku inda kuke. Duk abin da kuka daidaita a kai, nawa ne ya rage, nawa za ka riƙa biya, a wace rana, ta wane asusu, a rubuta shi, ku sa hannu da shaidu, sannan ku kai wa alƙali ya shigar da shi a matsayin hukuncin kotu bisa yardar ɓangarorin biyu. Wannan yana kare shi daga sabon jinkiri, yana kare ka daga a sake tayar da maganar dubu 600 bayan shekara. Kuma ko da kun shirya a gida, ranar da aka rubuta a sammaci ka je kotu, domin mai ƙara ne kaɗai zai iya janye ƙararsa, kuma har sai ya yi hakan a gaban alƙali tana nan da ranta. Kada ka yi alkawarin adadin da ka san ba za ka iya cikawa duk wata ba don kawai a tashi daga zaman.

Hajiya kuwa, ka zauna da ita yau da daddare ka karanta mata takardar da kanka, ka nuna mata cewa babu inda aka kira ka ɓarawo, lissafi ne ya saɓa tsakaninka da Alhaji aka ce ku zo a daidaita shi. Ka gaya mata gaskiyar abin da ake binka, domin rashin sani ya fi adadin tayar mata da hankali. Ita ma ta fi ka sanin wanda Alhaji yake jin nauyinsa a cikin abokan mahaifinka ko ƙannensa. Ka nemi wannan mutumin ya yi maka jagora, ku je gidan Alhaji kafin ranar zama, ba shago ba, inda idon mutane zai sa kowa ya ƙi sassautawa. Ka riƙe bayanin bankin, ka riƙe duk abin da ka iya haɗawa daga cikin dubu 900 ɗin da ba ka musu a kansu, ko da dubu 100 ne, ka gaishe shi yadda ka saba tun mahaifinka yana raye, ka ba shi haƙurin wayar da ba ka ɗaga ba kafin ka ambaci ko sisi. Bayan haka ka roƙe shi a kira yaron da dillalin, a zauna a buɗe littafin shago a duba ranar da ka ce ka kawo kuɗin.